Ranar da Sista Ta Shiga Kumfa

Wata uku da yin ritaya, Sista ba ta taɓa cika awa guda a kan kujera ɗaya ba. Shekara talatin da huɗu ta yi tana aikin jinya, ashirin daga ciki a ɗakin haihuwa, kuma ranar da ta ninke farar rigarta sai ta kwaso aikin gaba ɗaya ta dawo da shi gida. Kowa a unguwa Sista yake ce mata, har mijinta, har 'ya'yan cikinta idan tsokana ta motsa musu.

Wanda ya fi ji a jikinsa shi ne mijin. Tsohon direban doguwar bas ne, abokansa na tasha suna kiransa Sarkin Hanya. Ya riga ta ajiye aiki da shekara shida, ya kuma saba da gidansa shiru: ya sha shayi, ya kunna rediyo, ya miƙe ƙafa a baranda sai rana ta kore shi. Yanzu kuwa sau uku ake auna masa jini a yini. An rage masa sukari ba tare da an nemi shawararsa ba. An canza wa kujerarsa wuri sau biyu, wai iska ba ta ratsa falon yadda ya kamata. Kwalaben kayan ƙamshin girki duk an liƙa musu takarda da suna da kwanan wata, kamar maganin asibiti.

"Ni fa lafiyata ƙalau, Sista," in ji shi wata safiya, hannunsa na cikin na'urar awo. "Kullum kina aunawa, kullum abu ɗaya kike samu. Ko dai na'urar ce ta gaji ta daina aiki?"

"Na'urata ba ta gajiya."

"To gwada a kanki mu gani."

Don ta rufe masa baki ta naɗa abin a damtsenta. Na'urar ta yi ƙugi, ta matse, ta saki. Sista ta dubi lambobin, ta yi maza ta kife ta a cinya. Amma mutumin da ya shekara arba'in yana karanta allon gefen hanya a guje ba za a ɓoye masa lamba uku ba.

Shi ya matsa sai da ta je asibiti. Likitan da ta tarar yaro ne a wurinta, ita ta koya masa yadda ake riƙe jariri lokacin da yake ɗalibi. Ya rubuta mata 'yar ƙwaya, ya taɓa kafaɗunta ya ce sun yi tauri kamar katako, ya ce abin da take bukata ya fi ƙwayar shi ne hutu. Ta dawo gida tana ba da labari tana dariya.

"Wai in huta. Yaron nan fa a gabana ya taɓa suma da ya ga jini. Ni zai ce wa in huta? To yanzu me nake yi in ba hutu ba?"

Tana faɗar haka tana kan kujera a tsaye tana goge fanka.

Sarkin Hanya ya jira ta shiga kicin, ya zaga bayan gida da wayarsa ya kira Auta.

Auta ita ce ƙaramar 'yarsu, tana aiki a wani kantin kayan kwalliya da turare a can ƙarshen gari, kuma a duk cikin yaran ita kaɗai ce take iya ja da uwar ta kwana lafiya. Ranar Asabar da hantsi sai ga ta da leda a hannu. Bayan gaisuwa ta fito da wata doguwar kwalba mai hoton fure a jiki, ta ajiye a kan tebur.

"Mama, tsarabarki."

Sista ta ɗauka ta jujjuya. "Na wanke-wanke ne?"

"Haba Mama. Sabulun kumfa ne, na wanka. A kwamin wanka ake zubawa, ruwa ya yi kumfa, ki shiga ki kwanta, ƙamshin ya ratsa ki, gajiya ta sauka."

"In kwanta a ruwa."

"Eh."

"In yi me?"

"Ba komai. Ki kwanta kawai."

Sista ta dubi 'yarta ta saman tabarau, ta dubi mijinta wanda ya tsura wa rediyo ido kamar yau ya fara ganinta. Sannan ta gyara tabarau ta shiga karanta bayan kwalbar tun daga sama, yadda take karanta takardar sabon magani. Ta duba ranar da aka yi shi, ta duba ranar da zai lalace, ta karanta sunayen abubuwan da aka haɗa ɗaya bayan ɗaya tana gyaɗa kai a wasu, tana taɓe baki a wasu. Ta buɗe ta sunsuna. Ƙamshin fure ne mai sanyi da ɗan na ɓawon lemo a ƙarƙashinsa. Ta ɗiga a bayan hannu, ta dubi agogo.

"Minti goma. In wurin bai yi ja ba, za mu yi magana."

Bai yi ja ba.

"To ai kwamin ba ya shiguwa," ta ce, da muryar wanda ya samu mafita.

Gaskiyarta. Babban ɗansu ne ya sa aka kafa kwamin shekara biyu da suka wuce lokacin da aka gyara banɗaki, kuma tun daga ranar babu wanda ya taɓa wanka a ciki. Bokiti huɗu ne a jere cikinsa cike da ruwan ajiya, da baho, da sandar goge ƙasa, da labulen falo da aka jiƙa tun jiya.

Auta ta naɗe hannun riga. "Baba, taso."

Cikin rabin awa uba da 'ya sun kwashe komai. Sista na tsaye a bakin ƙofa tana ba da umarni: wancan bokitin na ruwan sha ne kada a haɗa shi da na wanki, labulen a matse shi kafin a fita da shi, a wanke kwamin sau biyu, a ɗauraye sau uku. Da aka kunna hita aka fara tara ruwa, ta shigo ta tsoma gwiwar hannunta yadda take gwada ruwan jarirai.

"Ya yi zafi. Mai hawan jini ba ya shiga ruwa mai zafi haka. A sirka."

"Au, ashe kina da hawan jini?" in ji Sarkin Hanya.

"Ba da kai nake ba."

Auta ta auna murfi biyu kamar yadda aka rubuta, ta zuba a ƙarƙashin famfo, ta ja uwar zuwa ɗaki don ta canza kaya. Ta bar uban ya kula da ruwan kada ya cika ya zube.

Ya zauna a gefen kwamin yana kallo. Kumfar da ta taso 'yar kaɗan ce, ta taru a gefe ɗaya kamar ta kan shayi. Ya ɗauki kwalbar ya dubi hoton da ke bayanta, inda kumfa ta yi tudu. Ya sake duban ruwan. A ganinsa masu rubuta waɗannan abubuwa don ƙananan kwami suke aunawa, kuma babbar mota ba ta shan mai irin na ƙarama. Ya leƙa ƙofa, ya karkata kwalbar. Ya ga kamar bai isa ba, ya ƙara. Sannan ya buɗe famfon har ƙarshe.

Lokacin da Sista ta dawo ɗaure da zani, agogon aikinta a hannu, kumfar ta wuce bakin kwamin ta fara gangarowa kan tayil. Famfon ma ba a ganinsa, sai da Auta ta lalubo shi ta kashe.

"Wannan murfi biyu ne?" in ji Sista.

Auta ta ɗaga kwalbar ta haska ta a taga. Ta ragu da kusan kashi ɗaya cikin uku. Ta juya ta dubi ubanta.

"Mai kyau ne shi ya sa," ya ce, yana ja da baya. "Ni bari in ba ku wuri."

"Shekara talatin da huɗu," in ji Sista, "ban taɓa barin ɗan jinya ya auna wa mara lafiya magani ba. Yau na ga dalili."

Amma ruwa ya taru, ƙamshi ya cika gidan har falo, kuma ita ba ta iya ganin an yi asarar abu. Ta kafa sharuɗɗa. Minti ashirin, babu ƙari. Ba za a kulle ƙofa ba, a dai janyo ta. Wayarta a ajiye a inda hannunta zai kai. Auta ta yarda da biyun farko, ta zura wayar a aljihunta ta fice, ta nufi kicin don ɗora abincin rana. Sarkin Hanya kuwa ya jawo kujerar roba ya kafa a bakin ƙofar banɗakin, ya zauna kamar mai gadi.

Aka ji motsin ruwa, aka ji "Bismillah," aka ji dogon numfashi. Sai shiru.

Shirun bai kai minti biyu ba.

"Auta! Shinkafar nan ki wanke ta sau uku!"

"To, Mama!"

"Kada ki taɓa babbar tukunya, hannunta na rawa!"

"Na ji!"

"Baban Auta, kana nan? Ka sha ƙwayarka ta safe?"

"A gabanki na sha."

Can sai ya fara jin wani sauti, ƙar-ƙar, ƙar-ƙar, a hankali, kamar ɓera a cikin kwali. Ya kasa kunne.

"Sista, me kike yi?"

"Ba komai."

"Ba komai ba ya ƙara."

"Tsakanin tayil ɗin nan ne ya yi baƙi. In mutum na tsaye ba ya gani, sai ya kwanta. Ga tsohon buroshi a kusa, ga kumfa tana zuba a banza…"

"Ajiye buroshin nan."

"Layi biyu ya rage."

"Wallahi in kira Auta."

Aka ji buroshi ya faɗi a ƙasa. Ya yi murmushi shi kaɗai. A zamansu na shekara talatin da takwas, yau ce rana ta farko da ya ba ta umarni ta bi, kuma ba ta ma ganin fuskarsa balle ta harare shi.

"Minti nawa yanzu?" ta tambaya.

"Ba agogon na wurinki ba?"

"Tabarau ya yi hazo, na cire."

"Shida."

"Shida kacal? Mutane haka suke zama har ashirin? Da me suke cika lokacin?"

"Da hutawa."

Ruwa ya motsa. Da ta sake magana muryarta ta sauka, ba irin wadda ake jiyowa daga kicin ba.

"Hannuna ne matsalar. Ban san inda zan ajiye su ba. In na ɗora a ciki sai in ji kamar gawa, in na sake su sai su tashi sama su kaɗai."

"Ki bar su su tashi."

"Ƙarfe nawa?"

"Sha biyu saura."

"Yanzu a asibiti ana zagayen rana ke nan," ta ce. "Gado sha shida. Na kusa da taga kullum shi ake rigima a kai. Da yanzu na duba kowa, na san wadda ta ci abinci da wadda ta ɓoye shi a ƙarƙashin filo." Aka ji ta gyara kwanciya. "Ka san har yau in na farka da safe sai na miƙa hannu wajen da nake rataye rigar? Sai in taɓa bango."

Sarkin Hanya ya gyara zama. Ya dubi ƙofar, ya dubi hanyar kicin, ya ji ƙarar wuƙa a kan katako, ya tabbata Auta ba ta jin su.

"Kin tuna watan da na ajiye aiki, kullum nake cewa zan je duba abokai?"

"Na tuna. Kana dawowa da warin dizal."

"Ba abokai nake dubawa ba. Bakin babban titi nake zuwa, in zauna a kan bencin mai faci, in jira motata ta wuce. Ƙarfe bakwai da kwata take wucewa. Yaron da aka ba ta yana canza giya kamar mai faɗa da ita. Sai in ji abin har cikin haƙorina. In ta ɓace in taso in dawo gida."

"Wata nawa kana haka?"

"Huɗu."

"Ba ka taɓa gaya mini ba."

"Kina da gado sha shida a lokacin."

Kumfa na fashewa a hankali, sautinta kamar yayyafi a kan yashi.

"To me ya hana ka ci gaba da zuwa?" ta tambaya.

"Wata rana na makara, ta wuce ban gani ba. Da yamma na ji ta isa lafiya, ta dawo lafiya. Sai na gane ashe ba idona ne yake riƙe da ita ba."

"Hmm," in ji Sista. Can kuma ta ce, "Ƙamshin dai ba laifi."

"Ba laifi?"

"Na ce ba laifi. Kada ka je ka ƙara mini gishiri a wurin yarinyar nan."

Daga nan bai sake jin komai ba. Minti ashirin suka cika, bai ƙwanƙwasa ba. Ashirin da biyar. Ya kara kunne a jikin ƙofa, ya ji numfashi a hankali, da ɗan waƙe-waƙe ƙasa-ƙasa ba kalmomi, irin wanda rabonsa da ji tun yaran na goye. Ya koma ya jingina. Da aka kai talatin da biyar sai ya ƙwanƙwasa.

"Sista, ruwa zai huce."

"Minti nawa?"

"Ashirin daidai."

"Maƙaryaci. Yatsuna sun yamutse." Ruwa ya motsa da ƙarfi, aka ji wani santsi, aka ji fantsama. Shiru. Aka sake jin motsi, aka sake jin fantsama, wannan karon har ruwa ya biyo ta ƙarƙashin ƙofa ya taɓa masa silifa.

"Lafiya?"

"Lafiya lau."

"Kin fito?"

"Ina kan hanya."

Fantsama ta uku ta fi sauran ƙarfi. Sai ga muryar Sista cikin natsuwa, irin wadda take amfani da ita in abu ya rikice a ɗakin haihuwa.

"Kira mini Auta. Kada ka yi gudu, kada ka ɗaga murya. Kuma in na ji dariya, ka san sauran."

Abin da ya faru shi ne sabulun da aka zuba ba awo ya mayar da kwamin kamar an shafa masa mai. Ta dafa gefe, hannu ya zame. Ta kafa diddige, diddige ya tafi. Ga gwiwa ta shekara sittin da ɗoriya, ga jiki ya yi laushi ya ƙi karɓar umarni. Auta ta shigo ta tarar da uwarta, matar da likitoci ke gyara tsayuwa in ta shigo ɗaki, zaune cikin farar kumfa har wuya, wani curi a kan kunnenta, wani a haɓa kamar gemu. Ta cije leɓe har sai da ya yi zafi.

"Na gan ki," in ji Sista. "Zo nan. Buɗe ƙafafunki daidai kafaɗa. Lanƙwasa gwiwa, ba baya ba. Hannunki a ƙarƙashin hammatata. In na ce uku. Ɗaya, biyu…"

A uku, Sista ta taso rabi, ta sulɓe daga hannun Auta kamar kifi, ta koma, ta kuma janyo 'yar har kafaɗa cikin ruwa. Auta ta ɗago da ɗankwali a jiƙe, kumfa a gira, dariyar da take dannewa ta ƙwace. Sista ta buɗe baki za ta yi faɗa, ta dubi fuskar 'yarta, sai ita ma ta fashe. Suka yi ta yi har da hawaye, ɗaya a ciki ɗaya a durƙushe a gefe, duk wadda ta tsagaita sai ta kalli ɗayar ta koma.

"Ku saurare ni," in ji Sarkin Hanya daga bayan ƙofa. "Wannan ba aikin asibiti ba ne, aikinmu ne. Mota ce ta kafe a laka."

"Ni ce motar?"

"Babbar bas ma kuwa, mai daraja. In kin ci gaba da taka totur, taya za ta yi ta juyawa a banza. Auta, fara zare matoshin, ruwan ya tsiyaye duka."

Auta ta laluba ta zare. Ruwa ya tafi yana gurnani, ya bar kumfa.

"Yanzu ɗauraye ƙasan da ruwan famfo. Kin yi? To kawo tawul busasshe, babba, ki shimfiɗa a ƙarƙashin ƙafafunta. Shi ne katakon da muke sa wa taya. Wani kuma a gefen da za ta dafa. Sista, kada ki miƙe gaba ɗaya. Juya ki durƙusa tukuna. Giya ta ɗaya."

Aka ji nishi, aka ji "Yauwa, Mama, yauwa," sai kuma takun ƙafa a kan tayil.

"Ta fito, Baba!"

"Alhamdulillahi. Ko kwandasta ban sa ya tura ba."

Sista ta fito sanye da doguwar riga, tawul naɗe a kai, fuskarta na sheƙi. Ta tsaya a gabansa tana neman abin da za ta ce. Ya miƙe ya ba ta hanya har da ɗan rusunawa.

"Wanda ya jefa motar a laka," ta ce, "ba a yi masa godiya don ya fito da ita." Ta wuce taku biyu, ta tsaya ba ta juyo ba. "Amma dabarar tawul ɗin nan, da na san ta da na koya wa ɗalibai."

Ta ce za ta ɗan kishingiɗa minti biyar kafin ta zo ta ga abin da Auta ta yi wa kicin. Ta yi sallar azahar, ta hau gado da carbi a hannu. Da Auta ta leƙa don ta ce abinci ya sauka, ta tarar carbin ya zame ƙasa, bakin uwar a ɗan buɗe, hannu ɗaya na lilo a gefen gado. Ta janyo ƙofa a hankali. Uba da 'ya suka ci abinci suna magana da raɗa, suka goge banɗaki da sanɗa kamar ɓarayi.

Wajen ƙarfe uku aka yi sallama. Maƙwabciyarsu ce, matar mai gyaran talabijin, da 'yarta 'yar shekara biyu a kafaɗa. Wai tun safe yarinyar ke ƙananan rigima, tana so Sista ta ɗan taɓa jikinta. Auta ta taɓa goshin yarinyar ta ji sanyi ƙalau, yarinyar ma na ta miƙa hannu tana son cire mata ɗankunne.

"Sista na barci," in ji Sarkin Hanya.

Matar ta yi dariya, ta ɗauka wasa ne. Da ta ga da gaske yake sai ta dafe ƙirji. "Barci? Da rana? Ba ta da lafiya ne?"

"Lafiyar ce ta kawo haka. In jikin yarinyar ya yi zafi ki wuce da ita asibiti kai tsaye, in kuwa rigima ce kawai, ki ba mu zuwa yamma."

Sai bayan la'asar Sista ta fito, shatin filo a kumatunta, tana ƙifta ido kamar baƙuwa a gidan.

"Me ya sa ba wanda ya tashe ni?"

"Mun gwada," in ji mijin. "Muryarmu ba ta kai ta minsharin ba."

"Ni ba na minshari."

Auta ta ciro wayarta ta danna. Wani sauti ya cika falon, mai hawa da sauka, da ɗan fito a ƙarshen kowane numfashi. Sista ta saurara har ƙarshe da fuskar mai nazari.

"Wannan na babanki ne. Na san shi shekara talatin da takwas."

"Mama, ga muryar Baba nan a ciki yana cewa in matso da wayar kusa."

"To ya iya abu biyu lokaci guda. Ba ni wayata."

Da ta ji labarin maƙwabciya kuwa sai ta miƙe tsaye. Yarinya ba lafiya, an zo har gida, an kore su? Ta yi sallah, ta zari mayafi, ta ɗauki ma'aunin zafin jiki ta jefa a jaka, ta fita tana faɗin ba a taɓa mayar da mara lafiya daga ƙofarta ba sai yau.

Ta tarar da yarinyar a tsakar gida tana bin kyanwa da murfin tukunya. Uwar ta taso da murna ta shimfiɗa tabarma, tana matsowa sai ta tsaya ta ja hanci.

"Sista, wane turare ne wannan? Kin ji ki kuwa?"

Sista ta ce ba turare ba ne, kuma labarin da tsawo. Matar ta ce ai ba inda za ta. Sista ta zauna a bakin tabarma, jaka a cinya, da niyyar ba da shi a taƙaice. Amma kafin ta kai wurin buroshi matar ta kira ƙanwar mijinta daga ɗaki ta zo ta ji, aka koma farko. Aka kawo shayi. Da aka zo kan bas da laka, ƙanwar mijin ta ƙware sai da Sista ta bubbuga mata baya. Daga nan hira ta tafi kan mazaje da abin da suke yi in an bar su da awo, kowacce da nata labarin, jaka ta sauka daga cinya ta koma gefe, ƙafafu suka miƙe.

Auta ta gaji da jira ta tafi, ta bar sallahu. Ana kiran magariba Sista ta turo ƙofar gida tana sauran murmushi. Sarkin Hanya na tsaye da buta a hannu.

"Yaya mai jikin?"

Ta tsaya cak. "Wace mai jiki?"

"Yarinyar da kika fita dubawa."

Sista ta dubi jakar da ke hannunta, zip ɗinta ko buɗe shi ba a yi ba. Ta dubi ƙofa kamar za ta koma, ta dubi mijinta wanda kafaɗunsa suka fara rawa don dariya.

"Yarinyar da ta yini tana bin kyanwa," ta ce, "ba ta bukatar ma'auni. Matsa ka ba ni butar, kai ka ɗebo wata."